Yohanna da Yahaya: Asalin Suna da Siffofinsa a Kudancin Kaduna

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin sunan nan Yohanna, wanda ya yawaita tsakanin Kaje da Katab da Jaba da Kagoro a kewayen Kafanchan, tare da duba dangantakarsa da Yahaya.

Asalin sunan daga Ibrananci yake, wato Yohanan, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya yi alheri. Helenanci ya mayar da shi Ioannes, Latin ya ce Iohannes, daga nan ne aka sami John a Ingilishi, Jean a Faransanci da Ivan a Rashanci.

Abin lura shi ne ta ƙofa biyu sunan ya shigo Hausa. Ta farko ita ce ta Musulunci, domin Alƙur'ani ya ambaci ɗan Zakariyya da Yahya. Da yake Bahaushe ba ya son barin /h/ a ƙarshen gaɓa, sai ya saƙa wasali ya ce Yahaya, kamar yadda rahma ta koma rahama. Malaman Larabci sukan danganta wannan siffa da saiwar da ke nufin rayuwa, wato sun ba ta wata ma'ana dabam. Ta biyu ita ce ta 'yan mishan. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta ɗauki Yohanna, wanda ya yi kusa da Yuhanna na Kiristocin Larabawa. Da yake da Hausa mishan ta yi wa'azi da koyarwa a Kwoi da Kagoro, wannan siffa ce ta zauna a bakin mutanen da Hausa ba harshensu na gado ba ne. Misali shi ne Kanar Yohanna Madaki, gwamnan jihar Gongola daga 1985 zuwa 1986.

Fassarar 1979 ta sauya, ta sa Yahaya, wataƙila don kusantar mai karatu Musulmi. A ganinmu sauyin bai kai ga raɗin suna ba, domin a yankin da suna kan bayyana addinin mutum tun kafin ya buɗe baki, iyaye ba su saki Yohanna ba. Ana samun Kirista mai suna Yahaya, amma da wuya a ji Musulmi Yohanna.

Sunan mata Hannatu ma daga wannan saiwa ta alheri ya fito, sai dai shi an yi tarayya a kansa.