Muryarki Daga Cikin Ɗaki

Yau za mu taɓa batun podkas, wato shirin hira irin na rediyo, sai dai a intanet ake ajiye shi, mai so ya saurara sanda ya ga dama. Na ɗauko shi ne don mace tana iya shiga shirin ba ta taka ko zaure ba.

Mai shirin takan buɗe manhajar ɗaukar murya a kwamfuta, irin Audacity, wadda kyauta ce. Baƙuwar da ke zaune kusa da ita a ba ta nata makirfo, kamar taƙi ɗaya daga baki.

To, ke da kike nesa fa? Nan aikin yake. In aka dogara ga kiran intanet kaɗai, sabis na rawa sai muryarki ta kakkarye. Dabarar ita ce, kuna hira ta waya ɗaya, ki kunna rikoda a wata wayar ki ɗauki muryarki da kanki. Ki sa abin ji a kunne, kada muryarsu ta shiga taki. Da farko ku tafa tare sau ɗaya, da tafin nan ake daidaita muryoyin a kwamfuta. Ki shige uwar ɗaka, katifa da labule suna shanye amsa-kuwwa. A kashe fanka.

Kafin ki tura mata, ki saurara tukuna. In sunan wani ko sirrin gida ya suɓuce miki, ki ce a yanke shi tun bai hau intanet ba.