Idan Kamfanin Sola Ya Zo Neman Gonarka: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Manomi ɗan'uwa a Jabo, Tambuwal ko Kebbe, ƙasar Sakkwato na da abu biyu da masu gina tashar lantarki ta hasken rana ke nema: rana mai ƙarfi da shimfiɗaɗɗen fili. Don haka kada ka yi mamaki in wata rana an zo da maganar hayar gonarka ko sayenta.

Irin wannan tasha ba ƙaramin farantin sola na cajin waya ba ce. Dubban faranta ake jerawa a kan ƙarafa, a kewaye su da shinge. Da rana suna samar da wuta, a tura ta babban layi, a wasu tashoshin kuma akan adana ragowar a manyan batura don amfanin dare. Kowane megawat ɗaya kan ci kusan hekta 2. Ke nan tashar megawat 50 za ta lashe wajen hekta 100, gonakin gidaje masu yawa.

An riga an yi irinta a kusa. Akwai ta Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, da ta Kumbotso a Kano, mai megawat 10, a 2023. Amma ba duk alkawari ke cika ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin da suka haura megawat 1,000, shekaru suka shuɗe ba a gina su ba. Saboda haka kada ka daina noma don an zo an yi awo kawai.

Ga abin da doka ta ce. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma yana iya karɓar fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine da aikin da ka zuba a wurin, ba kuɗin ƙasar kanta ba. To, tun kafin masu ƙiyasi su zo, ka ƙirga itatuwanka da rijiya da shuka, ka ɗauki hoto, ka sa mai gari da uban ƙasa su shaida iyakarka. Dokar 1992 kuma ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli, kuma kuna da damar faɗin ra'ayinku a kai.

In an zauna ciniki, ku je a ƙungiyance, tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ku tsaya a kan waɗannan:

1. A ba su fako da tudun da ya gaji, a bar fadamar albasa da shinkafa.
2. Haya ta fi sayarwa. Tashar kan yi shekara 20 zuwa 25, don haka a rubuta ƙarin kuɗin haya lokaci-lokaci, tunda darajar naira ba ta tsayawa wuri ɗaya.
3. A rubuta cewa in ba a fara gini ba cikin wa'adi, gona ta dawo hannun mai ita.
4. Kada shinge ya toshe burtali ko hanyar mashaya.
5. Ƙurar hunturu na sa a riƙa wanke faranta. A ina za su ɗebo ruwan?
6. Batura na iya kama wuta, a nisanta su da gidaje da rumbuna.
7. Ku nemi izinin kiwon tumaki a ƙarƙashin faranta, kamar yadda ake yi a Ingila da Amurka. Ban da awaki, suna hawa suna tauna waya.
8. Wutar babban layi takan wuce gari ba ta tsaya ba. In kuna son ta, a sa a takarda.

Gonar gado kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Kada ka dangwala yatsa sai duk magada, har mata, sun yarda, kuma lauyan ƙungiya ya karanta muku takardar da Hausa.