Tanadin Ubangiji a wurin Kirista: darasin kututturan Maraɗi

Duk manomin ƙasar nan ya san halin watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bana kuwa bai nuna ba. A irin wannan lokaci ne ake gane abin da mutum ya dogara gare shi. Mabiya addinin Kirista sun yi imani cewa Allah Uba ne mai kula da ƴaƴansa, wanda bukatunsu ba su ɓoye masa ba. To, ta wace hanya wannan tanadi yake isowa? Ga abin da littafinsu yake koyarwa, ga kuma misali daga jihar Maraɗi.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fitar da cikakkiyar fassararsa ta Hausa a shekarar 1932, ya ba da labarin Isra'ilawa da suka yi shekara 40 cikin hamada suna cin wani abinci mai suna manna. Kowace safiya sai mutum ya fita ya tsinci na yini guda kafin rana ta narkar da shi. Wanda ya yi haɗama ya ɓoye, sai ya tarar ya yi tsutsa. A Masar kuwa, Yusufu ya ba da shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona har shekara 7, da haka ƙasa ta tsira daga yunwar da ta biyo baya. Yesu Almasihu ya kafa wa almajiransa misali da tsuntsaye, domin ya raba su da fargabar gobe. Amma manzo Bulus, wanda shi kansa maɗinkin tanti ne, ya tsawata wa waɗansu masu bi na Tasalonika da suka yar da sana'a suka zauna. Ke nan abin da aka hana Kirista shi ne zullumi. Aiki kuwa yana nan bisa wuyansa.

Wannan koyarwa ta bayyana a fili cikin labarin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta aiko Maraɗi a farkon shekarun 1980. An ɗora masa aikin dashen itace, amma yawancin abin da aka dasa ya mutu: rana ta ƙone, rairayi ya binne, awaki suka cinye saura. A shekarar 1983, yana cikin tafiya da mota ɗauke da dashe, ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda yashi. Bisa ga yadda shi kansa yake ba da labari, ya riga ya karaya, sai ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Nan ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen, ya gane toho ne na tsohon itace da aka sare, saiwarsa tana raye a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa cike suke da gonaki, kowace shekara ana sassabe su ana ƙonewa.

Dabarar da ta fito daga nan ita ce manoma suke kira sassaben zamani. A kan kowane kututture na sabara, kalgo ko geza, ana zaɓen rassa kaɗan mafi ƙarfi a bar su, a datse sauran, a kiyaye su daga dabbobi. Ba a bukatar kuɗi, ko ban ruwa, sai wuƙa da haƙuri. Da farko mutane sun ƙi, domin a wancan zamani gona fes ita ce shaidar manomin kirki. A yunwar 1984 aka haɗa rabon cimaka da sharaɗin barin itace a gona. Bayan wahala ta wuce da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani: iska ta daina binne shuka, ganye ya zama taki, ga itacen girki, ga abincin bisashe. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyo wurin maƙwabci, Musulmi da Kirista. Masana sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka farfaɗo a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma manoma ne suka yi aikin da hannunsu. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

Kada mai karatu ya ɗauka addinin Kirista ya yi wa mabiyansa alkawarin cikakken rumbu kowace shekara. Bulus kansa ya ɗanɗana yunwa da kurkuku. Abin da suke riƙe da shi shi ne, Allah ba ya yashe da nasa, kuma sau da yawa taimakonsa yakan biyo ta hannun ɗan'uwa, kamar yadda masu bi na Antakiya suka aika gudummawa Yahudiya a lokacin yunwa, ko kuwa ta abin da yake kusa wanda ido ya raina.

Hausawa sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, sun kuma ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Saboda haka, kafin sassabe mai zuwa, ya kamata manomi da malamin gona su zaga gona tare, su ƙidaya kututturan da ke toho, su zaɓi waɗanda za a bari.