Yadda Za A Tsare Mai Ƙanjamau Daga Cututtukan Da Ke Fakewa Da Ita

Jama'a, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka sha'anin ƙanjamau yake. A cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu tsaron jiki, likitoci suna kiransu CD4. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon da ake aunawa. Ƙwayar ƙanjamau, watau HIV, su take ci a hankali. In suka kasa 200, to, bango ya tsage. Sa'an nan cututtukan da a da ba su iya kwantar da mutum sai su far masa: tarin fuka, da ciwon huhu, da zawo mai daɗewa, da wani irin sanƙarau. Yawanci waɗannan ne ke kashewa. Ana kuwa iya tsare su, kuma rabin aikin a gida yake.

Maganin Kullum

Babbar rigakafi ita ce maganin ƙanjamau da ake ba da shi kyauta a asibitocin gwamnati. Yawancin manya ƙwaya 1 suke sha kowace rana. Ba ya raba mutum da cutar, amma yana danne ta har masu tsaron jiki su sake yawaita. Kada a tsallake ko da rana guda, kada kuwa a bari don an ji sauƙi. In za ka ci rani, ko za ka kwana a gona, ka tafi da naka. Ka koma karɓo wani tun na hannunka bai ƙare ba.

Akwai kuma Septrin, wanda likita kan haɗa wa mutum. Shi yana tsare ciwon huhu da zawo, yana kuma rage zazzaɓin cizon sauro. Amma in ƙuraje suka feso a jiki, ko baki da idanu suka yi gyambo, sai a dakata da shi, a zo ɗakin shan magani ran nan.

Tarin Fuka

Duk duniya ba cutar da ta kai tarin fuka kashe masu ƙanjamau. Alamunsa 4 ne: tari, da zazzaɓi, da rama, da gumi da dare. Wanda ya ga ko da guda a jikinsa lalle ya kawo kakinsa a auna. In an same shi, maganinsa kyauta ne, ana sha wata 6. In ba a same shi ba, akwai ƙwayar rigakafi da ake sha wata 6, akwai kuma wata ta wata 3. A riƙa buɗe taga iska ta shiga ɗaki. Mai tari ya rufe bakinsa da ƙyalle, kada ya tofa kaki a tsakar gida.

Aikin Uwargida Da Maigida

1. A tafasa ruwan sha, a zuba a tulu mai murfi, a keɓe masa moɗa mai tsabta.
2. A wanke hannu da sabulu bayan an fito daga bayan gida, da kafin a taɓa abinci.
3. A tafasa madarar shanu kafin a yi kindirmo da ita. Nama da ƙwai su dahu sosai.
4. Abincin da ya kwana a ɗumama shi har ya yi tururi.
5. A kwana cikin gidan sauro, damina da rani.
6. Sharar akurkin tantabaru da kashin kyanwa a bar wa wani mai lafiya, don akwai ƙwayoyin cuta a cikinsu.

Alamun Da Ba A Jira Da Su

In kai ya yi ta ciwo kwana da kwanaki, ko wuya ya sanƙare, ko mutum ya soma ruɗewa, a kai shi asibiti nan da nan. Haka kuma in numfashi ya yi wuya, ko wani farin abu kamar kindirmo ya fito a harshe har haɗiya ta gagara. In zawo ne, a tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi ana tafiya asibiti. Kada a tsaya gwada jiƙe-jiƙe har ƙarfinsa ya ƙare. Mu da ke aikin ba da magani mun san wanda aka kawo da wuri shi ya fi komawa gida da ƙafarsa.

Kada A Guje Shi

Ba a ɗaukar ƙanjamau ta wurin cin tuwo a akushi ɗaya, ko gaisawa, ko cizon sauro. Wanda aka ƙyamace shi yakan ɓoye maganinsa, daga ɓoyewa sai bari. Saboda haka ya kamata a sami mutum guda a gida, mai riƙe asiri, wanda zai riƙa tuna masa lokacin shan magani da ranar komawa asibiti. Mai ƙanjamau da ya riƙe maganinsa yana noma gonarsa, yana renon 'ya'yansa, kamar kowa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran mutanen gida. Allah ya ba mu lafiya, amin.