Kitso da aski: wa ke da ikon ba da izini?

Duk wanda ya ƙetare gadar Kennedy ya shiga unguwar Kirkisoy ranar jajibirin salla, zai tarar da mata zaune a tsakar gidaje, kowace ta ɗora kai bisa cinyar makitsiya, samari kuma sun cika rumfunan kwano suna jiran injin aski. Cikin masu wannan aiki, da wuya a samu mai takardar lakol ta sana'ar. Makitsiya wurin uwarta ko yayarta ta koya. Wanzami kuwa gado ya yi.

A wasu ƙasashe, wannan kaɗai ya isa a gurfanar da mutum gaban alƙali. A shekarar 1997 an kama Isis Brantley a birnin Dalas na Amurka don tana kitso ba tare da lasisi ba. A jihar Yuta, an ce wa Jestina Clayton, haifaffiyar Saliyo wadda ta iya kitso tun tana ƙarama, sai ta yi awa 2000 a makarantar gyaran gashi, inda ba a koyar da kitsonmu sai abin da ba a rasa ba. Da aka kawo shawarar sassauta dokar, masu takardar sana'ar da ɗaliban makarantun ne suka tashi tsaye suka ƙi. Sai a 2012 kotu ta ba ta gaskiya. Haka aka yi a Faransa a 2016: gwamnati ta so rage sharaɗin takarda ga masu sana'ar hannu, masu shagunan gyaran gashi suka yi ca, ƴan majalisa suka ja da baya. Sai a 2023 aka sassauta sharaɗin buɗe shago.

Hujjar masu adawar ba ta banza ba ce. Maganin miƙar da gashi yana ƙone fatar kai in ya faɗa hannun wanda bai san shi ba. Amma kada mu ruɗi kanmu: wanda ya zuba kuɗinsa da shekarunsa kafin ya samu takarda, ba zai so maƙwabciyarsa ta buɗe rumfa kyauta ba, makarantu kuma daga waɗannan awoyi suke cin abinci. Kare lafiyar jama'a da kare kasuwa sun shiga riga ɗaya.

Mu ma nan muna da dokoki. An kafa majalisar masu sana'o'in hannu ta Nijar, wato CMANI, a 2012, ƙungiyar UEMOA kuma ta fitar da kundin sana'o'in hannu a 2014, wanda ya haɗa da masu gyaran jiki. Abin yabo a kundin shi ne bai ce diplom kaɗai ke mai da mutum gwani ba. Ya yarda da shedar abokan sana'a. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne gare mu, domin tun kafin zuwan Nasara, Sarkin Aska ne ke sanin wanzamin da ya isa ya riƙe aska, ya yi kaciya ko ƙaho, da wanda zai ci gaba da ɗaukar zabira.

A ganina, ranar da wani zai kawo shawarar tilasta diplom ga makitsan Kirkisoy, unguwar da ambaliyar kogin Isa ta 2020 ta yi wa ɓarna, ya fara tambayar wa zai biya kuɗin karatun, wa kuma zai ciyar da yara har a gama shi. Haɗarin da ke rumfunanmu sananne ne: reza guda bisa kawuna biyar, wadda ke iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wannan zuwa wancan, da mayukan sauya launin fata da ake sayarwa a gefen tebur. Koya wa mai aski ya sake reza gaban mai kai, ya tsoma kayansa cikin ruwan jabel, ba ya bukatar awa 2000. Ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya yin sa cikin ƴan kwanaki.