Yadda Ake Sake wa Wuƙar Daji Ƙota

Wuƙar da ake fita da ita daji, ta mafarauci ko makiyayi ko manomi, ba kasafai ruwanta ke riga ƙotarta mutuwa ba. Ƙarfe mai kyau yakan yi shekaru ana wasa shi yana ci. Icen da ke riƙe da shi kuwa yana shan gumi da jini da ruwan sama, ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, har wata rana ya tsage ko ya fara girgiɗi. Ƙota mai girgiɗi hatsari ce, domin daidai lokacin da aka danna wuƙa da ƙarfi ne take juyawa a hannu. Naɗe ta da roba ko waya ba magani ba ne, ɓoye ciwon ne kawai.

Kafin a taɓa komai, sai an san irin jelar da wuƙar ke da ita, wato ƙarfen da ya zarce daga ruwan wuƙa ya shige cikin ƙota. Wata jelar faɗinta ɗaya da ƙotar, ana ganin gefenta a tsakanin ɓari biyu na itace, ƙusoshi biyu ko uku sun ratsa su duka. Wata kuma siririya ce kamar wutsiyar ɓera, ta nutse a cikin ice guda ba a ganinta. Wannan ta biyun ita ce aka fi gani a wuƙaƙen maƙera, ita ce kuma ke jikin puukko, sananniyar wuƙar mutanen Finlan. A wasu wuƙaƙen siririyar jelar takan fita ta bayan ƙota, a daddage bakinta da guduma a kan ɗan faifan ƙarfe don ta kulle.

Cire tsohuwar ƙota ba shi da wuya. Ana fara naɗe ruwan wuƙa da kwali a ɗaure da salatif don kare yatsu. Idan mai ƙusoshi ce, a goge kawunansu da magagari a buge su su fita. Idan mai ɓoyayyiyar jela ce, a tsaga icen a tsaye. Daga nan a kankare tsatsa da tsohon gam har ƙarfe ya yi fari. A duba mahaɗar jela da ruwan wuƙa da kyau, domin nan ne duk nauyin aiki ke taruwa. In tsatsa ta ci wurin ko akwai tsaga, babu ƙotar da za ta ceci wuƙar sai ta je wurin maƙeri.

Zaɓen itace shi ne rabin aikin. Ƙirya da marke da kanya da aduwa da madobiya duk suna da tauri da nauyi, kuma masassaƙa sun daɗe da sanin su wajen ƙotar gatari da fartanya da turmi. Rimi da kuka ba su da amfani a nan, laushinsu ya yi yawa. Amma bushewar icen ta fi sunansa muhimmanci. Ɗanyen marke da aka sassaƙa yau zai kama jela tsam, bayan wata biyu na iskar hunturu ya janye ya bar rata. Masu aikin katako sukan ƙiyasta shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri idan a inuwa ake busarwa. Saboda haka guntun tsohuwar taɓarya ko karyayyiyar ƙotar gatari, wadda ta gama duk motsin da za ta yi, ta fi sabon reshe nesa ba kusa ba. Dole kuma jijiyar icen ta bi tsawon ƙota, kada ta gitta, in ba haka ba bugu ɗaya zai raba ta biyu.

Ba itace kaɗai ake amfani da shi ba. Ƙahon sa yana yin ƙota mai kyau, sai dai tsininsa ne kawai cikakke, sauran rami ne. Ana kuma jera faya-fayan fata a jela a matse su, kamar yadda aka yi wa wuƙar Ka-Bar da sojojin Amurka suka karɓa a 1942. Fata ba ta santsi a jiƙaƙƙen hannu, amma tana ruɓewa idan ta daɗe cikin laima.

Ga mai faffaɗar jela, ana yanka ɓari biyu, a goge cikinsu ya kwanta sumul. A ɗora jela a kan ɓari ɗaya a huda ta cikin ramukan ƙarfen, sannan a haɗa na biyu a huda ta ramukan farko, don kada su saɓa. Akwai abin da sababbin hannu ke mantawa: gaban ɓarin, wanda ke kallon ruwan wuƙa, sai an gama gyara shi da sanfefa tun kafin a manna, domin bayan an manna ba a iya goge shi ba tare da an karce ƙarfe ba. Ƙusoshin tagulla sun fi na baƙin ƙarfe, ba sa tsatsa su ɓata ice.

Ga mai siririyar jela, ana huda rami a tsakiyar ice, a faɗaɗa shi da ƙaramin magagari har jela ta shiga da ƙyar. Maƙera sukan gasa jelar ta yi ja su cusa ta ta ƙona wa kanta hanya. Dabara ce mai sauri, amma tana da sharaɗi. Zafi na bin ƙarfe, kuma idan ya kai ruwan wuƙa har launinsa ya koma shuɗi, wato wajen digiri 300, taurinsa ya ragu, kaifi ba zai ƙara daɗewa ba. Don haka ake naɗe ruwan da jiƙaƙƙen tsumma, a gasa ƙarshen jela kaɗai, a kuma kakkaɓe gawayin da ya rage a ramin. Zoben tagulla a bakin ƙota yana hana ta tsagewa daga nan.

Gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, shi ya fi dacewa, domin yana cike rata ya toshe wa ruwa hanya. Mai bushewa a hankali ya fi na minti 5 ƙarfi. A goge maiƙo daga ƙarfen tukuna, a matse ba da tsanani ba don kada gam ya tsiyaye duka, a bar shi awa 24.

Sai sassaƙa. Tsawon santimita 10 zuwa 12 ya ishi yawancin hannaye. Ƙota zagayayya tana murɗawa, gara mai ɗan faɗi a gefe da gefe, yadda hannu zai san inda kaifi ya fuskanta ko da a cikin duhu. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan ana gwadawa a tafin mai wuƙar, a bar ɗan tudu a gaba da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi. A bi da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan a shafa mai da kakin zuma a bar ice ya sha, a maimaita. Fenti mai sheƙi yana sa santsi kuma yana ɓarewa.

A ƙarshe a gwada wuƙar a kubenta. Sabuwar ƙota takan fi tsohuwa kauri ko ta gaza ta, kuma kuben da bai kama wuƙa ba yana iya zubar da ita a cikin ciyawa. Idan ya yi sako-sako ko ya matse, baduku zai iya sake ɗinkin bakinsa daidai da sabon kaurin.