Mai Jari Da Mai Wahala: Rabon Ribar Albasa Da Maganar Haraji

Tun zamanin da En'e ta Gwandu ke karɓar haraji da jangali, kasuwar Jega ta shahara wajen fatauci, kuma har yanzu albasar Aliero ta kan bi ta Jega da Maiyama zuwa Ikko da sauran garuruwan Kudu. A kan sami mutum biyu su yi wannan ciniki tare: ɗaya ya ba da jari, ɗaya ya saye albasa a gona, ya yi mata dawainiya har ta kai kasuwa. Shi wannan na biyu ba yaron gida ba ne, ba kuma dillali mai cin la'ada ba. Abokin rabo ne.

Malaman fikihun Malikiyya sun daɗe da tsara wannan mu'amala, watau mudaraba. Sharaɗinta shi ne a yanka wa mai aiki kaso daga riba, kamar rabi ko sulusi, kada a yanka masa tsayayyen kuɗi. Ba a rabo sai uwar kuɗi ta dawo. In albasa ta ruɓe ba da sakacinsa ba, hasarar kuɗi ta mai jari ce, shi kuwa ya yi hasarar wahalarsa.

To, sai maganar haraji. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta yafe Naira 800,000 na farko daga abin da mutum ya samu a shekara, sa'an nan a karɓi 15 bisa 100 daga abin da ya biyo baya har ya kai Naira 3,000,000. Abokan tarayya kuwa, kowa kason kansa a ke lissafa masa, ya biya hukumar haraji ta Jihar Kebbi.

Ga misali. A ce an ci ribar Naira 1,500,000 bayan an cire kuɗin mota da buhuna. Mai jari ya ɗauki 1,000,000, abokinsa 500,000. In ba su da wata hanyar samu, mai jari zai biya Naira 30,000, abokinsa ba a binsa kome. Amma in babu shaidar rabo, aka ɗora ribar duka a kan mai jari, harajinsa ya zama Naira 105,000.

Saboda haka, malamai da akawuna, tun da ku ne jama'a ke kawo wa takardu ku rubuta musu, ku nuna musu amfanin yarjejeniya tun kafin a ɗora buhun farko a mota: nawa ne jari, mene ne kason kowa, wa zai ɗauki kuɗin hanya, da shaidu biyu. Rubutu ba ya rage amana. Ai ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.